Birgimar doki da alfadari: wadda ake bari a yi da wadda ake tashi tsaye a kanta

Da la'asar sakaliya, idan masu karo, wato amalanken da doki ko jaki ke ja, suka dawo daga kasuwa a Gadarif ko Sinnar ko Mai Wurno a nan Sudan, aka cire wa dabba kayan ja, sau da yawa tun kafin ta kalli ruwa ko harawa ƙasa take nema. Alfadari zai sunkuyar da kai yana sansana, ya taka a hankali yana zagaya wuri guda, ya tona ƙasar da kofaton gaba sau biyu ko uku, sannan ya lanƙwasa gwiwoyin gaba ya zube. Zai goga wuya da kumatu a turɓaya, ya wuntsila ya koma rigingine ƙafafu huɗu a sama, ya mutsuttsuka gadon bayansa, ya faɗa ɗaya gefen. In ya gama sai ya miƙa ƙafafun gaba, ya yunƙura da na baya ya tashi, ya girgiza jiki tun daga geza har wutsiya, ƙura ta tashi, ya yi furzar hanci ya nufi abinci. Abin duka ba ya cika wuce minti ɗaya ko biyu.

Wannan jerin ya kamata mai dabba ya haddace shi kamar sunansa: zaɓen wuri, tono, kwanciya da niyya, juyi, tashi da ƙafafun gaba, kakkaɓe jiki, komawa ga ci. Domin akwai wata birgimar da ke kama da ita a idon wanda ke tsaye daga nesa, ita kuwa tana iya kashe dabba kafin gari ya waye. Wanda bai san ta lafiya da kyau ba, ba zai gane ta ciwo da wuri ba.

Dalilin birgimar lafiya a fili yake ga duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan doki bayan aiki. Doki na daga cikin dabbobi ƙalilan da ke sanyaya jiki da gumi sosai, kuma a aiki mai nauyi cikin zafi yana iya zubar da lita 10 ko fiye a sa'a guda. Gumin nasa yana ɗauke da gishiri da wani sinadari mai sa kumfa, shi ne farin kumfan da ake gani a ƙarƙashin majayi da tsakanin cinyoyi. In ya bushe sai gashi ya manne, gishirin ya riƙa cin fata. Doki yana iya kai haƙoransa kwiɓi, yana iya susar kunne da kofaton baya, amma tsakiyar gadon baya da doron kafaɗa, inda sirdi ko kayan karo suka danne tun safe, ba shi da abin da zai kai wurin sai ƙasa. Turɓaya tana tsotse gumin, tana warware gashin da ya manne, tana fitar da matacciyar fata da gashin da ke zuba. Ƙurar da ta rage a jiki kuma tana zama shamaki tsakanin fata da ƙudaje masu cizo, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a kudancin Gadarif da yankin Dindir lokacin damina, sa'ad da bobuwa ke hana dabba sakat. Ga kuma miƙa: juyin nan yana motsa ƙashin baya da naman da ya ɗaure wuri guda yini guda.

Akwai kuma ɓangaren zaman tare. Dawaki da jakuna sukan zaɓi wuri ɗaya su riƙa komawa, har ya zama ɗan kwari mai laushi da ba ya fid da ciyawa. Larabawa suna kiran irin wannan wuri maraga. In ɗaya ya kwanta, sai ka ga na kusa da shi ma ya fara tono, kuma ingarma yakan sansana inda wani ya yi birgima ya bi sahu ya bar warinsa a kai.

Alfadari ya fi doki naci a wannan sha'ani, kuma gadon uba ne. Uban alfadari jaki ne, uwarsa goɗiya. Jakin gida kuwa daga jakin dawa na arewa maso gabashin Afirka ya fito, wanda wani reshensa, jakin Nuba, asalinsa ƙasar nan ce, tsakanin Nilu da duwatsun Bahar Maliya. Dabba ce ta ƙasa mai ƙarancin ruwa, wankanta na ƙura ne. Shi ya sa jaki ba ya ganin tarin toka ya wuce salin alin, alfadari kuma ya ɗauko halin. Ana iya samun dokin da zai yi kwana biyu bai kwanta birgima ba kuma lafiyarsa lau, amma alfadarin da aka kwance wa kaya ya tsaya shiru bai nemi ƙasa ba, a duba shi. Wani bambancin na ƙira ne: doki mai dogon doron kafaɗa yakan kasa wuntsilawa gaba ɗaya, sai ya yi gefe guda, ya tashi, ya sake kwanciya ta ɗaya gefen. Alfadari da jaki bayansu ya fi shafewa, juyin ya fi musu sauƙi. Wannan ba ma'aunin ƙarfi ko darajar dabba ba ne, ko da yake akan ji masu cewa haka a kasuwa.

Hausawa na cewa birgimar hankaka, kowa ya ga baƙinka ya ga farinka. Ga mai dabba maganar tana da amfani a zahiri. Daƙiƙun da dabbar take rigingine su ne kaɗai lokacin da za ka ga cikinta, hammatarta, marainanta ko hantsarta da tafin kofatonta ba tare da kokawa ba. A nan ake ganin inda majayi ya fara cin fata, kaskar da ta maƙale a matsematsi, kumburi a ƙasan ciki, ko dutsen da ya shige kofato.

Wurin birgima

Mafi yawan raunin da birgimar lafiya ke jawowa daga wurin yake zuwa. A cikin gari dabba ba ta da zaɓi, sai ta nufi juji domin nan ne ƙasa ta yi laushi, nan ne kuma ƙusa, fasasshiyar kwalba, gwangwani da guntun waya suke. Tokar juji tana iya ɓoye garwashi a ƙarƙashi, kuma toka in ta haɗu da gumi ko ruwa tana da kaifi, tana cin fata, ballantana inda akwai miki. A ƙasar rairayi matsalar ƙarangiya ce, wadda ake kira haskanit a nan: ta cika gashi, gobe a ɗora kaya a kanta. A baƙar laka ta Gadarif da Jazira kuwa, da rani ƙasar takan tsattsage ta yi tauri kamar dutse, da damina ta zama taɓo mai danƙo wanda in ya bushe a jiki yake riƙe danshi a kan fata har ƙuraje da kirci su samu wurin zama. Gefen magudanan ruwa na gonakin Jazira ma wuri ne mai haɗari, domin dabbar da ta juya a gangare ƙafafunta suka kalli tudu ba ta iya tashi.

Gyara wuri ba shi da tsada. A share fili mai kimanin mita 5 a kowane gefe, shimfiɗaɗɗe, wanda ya yi nisan aƙalla mita 3 daga bango, shinge, turke ko karo. A tsince duwatsu da ƙarafa, a farfasa ƙasar da fartanya, a zuba yashi mai laushi ko turɓaya mai kaurin santimita 15 zuwa 20. A riƙa kwashe kashi kullum, a bi da manjagara lokaci lokaci. Sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: ba a zuba abinci a kan wannan yashin, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Tsarin yamma kuma haka ya fi dacewa. A cire karo, a ja dabbar ta yi tafiyar minti 5 zuwa 10 numfashinta ya daidaita, a ba ta ruwa ta sha, a cire duk abin da ke jikinta sai ragama, a kwance dabaibayi, sannan a kai ta wurin. In ba a cikin shinge ake ba, a riƙe ta da igiya mai tsawon mita 4 zuwa 5, a sassauta, mai riƙon ya tsaya ta wajen kai kuma kada ya naɗe igiyar a hannu. Dabba takan yi tsalle ko ta yi harbi da zarar ta tashi, don haka yara su matsa. Dabbar da ke ɗaure da zarge a wuya, ko da gajeriyar igiya a ƙafa, in ta yi birgima a turke igiyar na iya naɗe ƙafar baya ta ƙone fatar dunduniya, ko ta shaƙe ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne safiya. Ƙurar da ta yi wa dabba amfani da daddare, in aka ɗora akumari ko kayan ja a kanta sai ta zama kamar ƙasa tsakanin dutsen niƙa. Kafin a ɗaura komai a goge gadon baya, ƙirji, inda majayi ke bi da bayan kunnuwa da buroshi ko tsumma mai kauri, a kuma kakkaɓe shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin kaya. Minti biyar ne, kuma sau da yawa gyambon baya da ake fama da shi wata da watanni daga rashin wannan yake farawa.

Dabba mai buɗaɗɗen miki kuwa ba a barin ta ta yi birgima a maragar jama'a. Ƙwayar cutar da ke sandarar da jiki, tetanus, a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma doki yana daga cikin dabbobin da ta fi kamawa. Haka nan cutar nan ta dawakan karo mai fid da ƙulluwa a jere kamar carbi a ƙafa ko wuya, suna fashewa suna fid da mugunya, tana bin ƙasa, ƙudaje da kayan ja. Mai irin wannan a ware masa wurinsa. In aka wanke miki aka sa magani, a riƙe dabbar a tsaye har wurin ya bushe, kuma baƙin mai na inji ba magani ba ne, ƙura yake tarawa ya kuma ƙona naman da ke son tsirowa.

Idan dabba ta maƙale a jikin bango

A ɗaki ko barga mai ƙunci, dabba takan juya sai ƙafafunta su tokare bango, ta rasa filin miƙa su. Za a ji bugu da daddare, a zo a tarar da ita tana shure-shure. Kada kowa ya shiga ta wajen ƙafafu. A tsaya ta bayanta, mutum ɗaya ya danne wuya kusa da kai a hankali yana yi mata magana, a sa buhu ƙarƙashin kan don kare ido. In tazarar da ake buƙata kaɗan ce, mutum biyu su kama geza ta tsakiyar wuya su ja gaban jikin baya daga bango, sau da yawa wannan ya isa. Ba a ja da ragama ko kai, domin wuya na iya gocewa. In bai yiwu ba, a zura igiya mai taushi a ƙafar gaba da ta baya waɗanda ke ƙasa, ba tare da ƙulli ba, a ja tare a juyo da ita, a saki igiyar a ja da baya nan take. Kada a bar ta har safe: nauyin jikinta yana danne nama, jijiyoyi da huhun da ke ƙasa, sa'o'i kaɗan sun isa su yi ɓarna. Bayan ta tashi a tambayi kai me ya kwantar da ita, domin sau da yawa ciwon ciki ne ya kai ta jikin bangon. Ɗakin doki ya kai mita 3 da rabi a kowane gefe.

Birgimar ciwon ciki

Ga inda rai yake. Dabbar da cikinta ke murɗa, abin da ake kira magas da Larabci, ba ta zaɓen wuri. Tana iya faɗuwa kan tsakuwa, cikin fitsari, ko a tsakiyar hanya. Tana kwanciya ta tashi, ta sake kwanciya, sau biyar, sau goma. In ta tashi ba ta cika kakkaɓe jiki ba, sai ta tsaya da ƙura a jikinta, kai a sunkuye. Tana waiwayen kwiɓinta, tana harbin cikinta da ƙafar baya, tana tono ba ƙaƙƙautawa, tana ɗage leɓen sama, tana gumi ba tare da aiki ba. An miƙa mata abincin da ta fi so ta kau da kai. Da safe kuma, in ka tarar da ƙujewa a saman ido da kan ƙugu, ƙasa a tone, ka san an kwana ana fama ko da yanzu dabbar tana tsaye shiru.

Shirun nan shi ne tarkon alfadari da jaki. Doki yana nuna ciwo a fili, yana jefa jiki. Jaki yana ɓoyewa, alfadari kuma yana tsakani amma ya fi karkata ga uba. Jakin da hanjinsa ya cushe yana iya tsayawa kawai, kunnuwa a sake, yana sa baki a abinci yana yi kamar yana ci alhali ba ya haɗiya. Saboda haka ranar da aka ga jaki ko alfadari yana birgimar ciwo a fili, a ɗauka abin ya yi nisa. Jakin da ya daina ci kuma yana da wani haɗarin na daban: kitse yakan cika masa jini ya lalata hanta cikin 'yan kwanaki, musamman jaka mai ƙiba, mai ciki ko mai shayarwa.

Dalilin da ya sa ciwon ciki ke da tsanani ga waɗannan dabbobi yana cikin ƙirarsu. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, kuma ba ya iya amai, duk abin da ya taru sai dai ya wuce gaba ko tumbin ya fashe. Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 20. Babban hanji kuwa, inda ciyawa ke narkewa, tsawonsa mita 3 zuwa 4 ne, a ninke yake, a wurare kaɗan kawai yake manne da jiki, kuma akwai wata kwana ta wajen mara inda yake tsukewa. A wannan kwanar busasshen abinci ya fi tsayawa. In iska ta cika wani sashe, yana iya tasowa ya bar mazauninsa ko ya murɗe.

A ƙasar nan musabbaban sanannu ne. Na farko ƙishirwa tare da busasshen karan dawa: a watannin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, dabba ta yini tana ja, an ba ta ruwa sau ɗaya. Doki yana buƙatar kimanin lita 5 a kowane kilo 100 na nauyinsa in yana hutawa, aiki cikin zafi kuma yana ninka wannan sau biyu ko uku. Doki mai kilo 350 da ke jan karo da rani, jarka biyu zuwa uku masu lita 20 yake buƙata, a rarrabe cikin yini. Na biyu hatsi da yawa a zama ɗaya: dawar da ta wuce kusan giram 400 a kowane kilo 100 a ci guda, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga wannan dokin, tana wucewa babban hanji ba ta narke ba, ta yi tsami ta tara iska, daga baya ma ta jawo ciwon kofato. Na uku sauya abinci farat ɗaya, kamar daga kara zuwa ɗanyen barsim, ciyawar da ake nomawa don dabbobi, ko sakin dabba a sabuwar ciyawar farkon damina. Sauyi a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14. Sai yashi da dabba ke haɗiya in tana ci daga ƙasa, sai leda da igiyar roba ga masu kiwo a juji, sai tsutsar ciki, sai haƙoran tsohuwar dabba da ba sa niƙa. Akwai kuma wanda mutane ke jawowa da hannunsu da kyakkyawar niyya: maganin kaska na shanu mai sinadarin amitiraz. Ga doki, jaki da alfadari guba ne, yana tsayar da motsin hanji. Kada a fesa musu shi ko kaɗan.

Yashi ana iya gwada shi a gida. A ɗauki curi 5 ko 6 na sabon kashi daga saman tari, wanda bai taɓa ƙasa ba, a sa a farar leda, a cika da ruwa, a dama, a rataye ta kusurwa ɗaya tana ƙasa. Bayan minti 15 a taɓa kusurwar. In yashin da ya kwanta ya kai cokalin shayi ko fiye, dabbar tana cin ƙasa, a ɗaga mata abinci zuwa kwami ko rabin durum. Rashin ganin yashi sau ɗaya ba ya wanke ta, a maimaita a wasu ranakun.

Da zarar an yi zargin ciwon ciki, a kwashe abinci duka, a bar ruwa, a aika neman likitan dabbobi, sannan a yi awo kafin ya zo. A sa yatsu a ƙasan muƙamuƙi inda jijiya ke ratsa ƙashi, ko tafin hannu a bayan gwiwar hannun hagu, a ƙirga bugu na daƙiƙa 15 a ninka sau 4. Doki mai lafiya a hutu 28 zuwa 44 ne a minti, jaki ya ɗan fi haka, kusan 36 zuwa 52, alfadari yana tsakani. In bugun ya haura 60 ya ƙi sauka, abin ya yi tsanani, 80 kuwa alama ce mai muni. A ɗaga leɓe a duba dasashi: na lafiya ja-ja ne mai haske da damshi, in an danna da yatsa launin yana dawowa cikin daƙiƙa 2. Busasshe, ja wur kamar jan bulo, ko mai shuɗi-shuɗi, yana nuna jini ya fara ɓaci. A kanga kunne a kwiɓin dama da na hagu, minti guda kowanne, a tsaye kusa da kafaɗa saboda harbi: cikin lafiya yana ƙugi, shiru tsit ba alheri ba ne. Zafin jikin doki 37.5 zuwa 38.5 ne, na jaki ya ɗan gaza haka. A kuma tuna yaushe ta yi kashi na ƙarshe da yadda yake, domin doki mai lafiya yana yi sau 8 zuwa 12 a yini, kuma ƙananan curi busassu masu majina a jiki alamar cushewa ce.

Sai tambayar da ake ta gardama a kanta: a bar ta ta kwanta ko a hana? An daɗe ana cewa birgima ce ke murɗe hanji, shi ya sa ake tayar da dabba da bulala a yi ta zagaye da ita har asuba. Likitocin dawaki na yanzu sun fi tsayawa a kan cewa ciwon ne ke sa birgimar, kuma dubban dawaki masu lafiya suna wuntsilawa kullum hanjinsu bai murɗe ba. Dabbar da ta kwanta shiru a bar ta ta huta. Tafiya a hankali ta minti 10 zuwa 15, a huta, a sake, tana taimakawa wajen fitar da iska. Wadda ke jefa jiki da ƙarfi a fitar da ita fili mai laushi nesa da bango, in tafiya tana ɗauke mata hankali a yi, in ta ƙi tsayuwa a matsa a kare kai. Tafiyar sa'o'i da duka tana ƙara mata gajiya da ƙishirwa ne kawai. In kuma naman ƙugu ya yi tauri, dabbar ta ƙi ɗaga ƙafa, fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, wannan ciwon nama ne, kuma tafiya tana ƙara shi.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne ɗure. Ana ɗaga kan dabba sama a zuba mata mai ko jiƙo ta baki, wasu ma ta hanci. Mai ba shi da ɗanɗanon da zai sa ta haɗiya da kyau, sai ya bi maƙogwaron iska ya sauka huhu, dabbar da za ta iya warkewa daga ciwon ciki ta mutu da ciwon huhu bayan 'yan kwanaki. Likita yana zura roba ta hanci har tumbi, ya fara tabbatar da inda ta shiga, ya zuƙe abin da ya taru in akwai, sannan ya zuba ruwa da gishirin magani ko man farafin. Lalas a kwiɓi ma ba ya kaiwa hanji, miki ne kawai ake ƙara wa mai ciwo. Wani kuskuren kuma daga tsayuwar dabbar yake: tana miƙe jiki kamar mai son fitsari, tana ɗiga kaɗan, sai a ce fitsari ne ya riƙe, a yi mata allurar sa fitsari. Riƙewar fitsari ba ta da yawa ga dawaki. Miƙewar nan ƙoƙarin rage ciwon hanji ne, kuma allurar tana ƙara busar da dabbar da ruwa ya riga ya ƙare mata.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, man fetur ya yi wuya, karo ya koma ɗaukar ruwa, kaya da marasa lafiya a garuruwa da yawa, likitan dabbobi kuma ya yi nisa ga mutane da dama. In sai ta waya za a same shi, alƙaluman nan na bugun zuciya, launin dasashi, ƙugin ciki da lokacin kashi na ƙarshe su ne idonsa. Allurar rage ciwo irin fuluniksin, miligiram 1.1 a kowane kilo, a jijiya ake yin ta, yin ta a nama yana iya haddasa mummunan ruɓewa, kuma ba a maimaita ta kafin sa'a 12. A yi awo kafin a yi ta, domin tana rufe alamu. Dabbar da ciwo ya dawo mata cikin sa'a ɗaya ko biyu bayan allura, matsalarta ta fi ƙarfin allura. In ta samu sauƙi ta yi kashi, a dawo da abinci kaɗan kaɗan, ɗanyar ciyawa ko jiƙaƙƙiyar dusa, hatsi sai bayan kwana biyu ko uku.

Gargaɗi guda: dabbar da halinta ya sauya, tana birgima, tana cizon jikinta ko duk abin da ta samu, yawu na zuba, musamman in kare ya taɓa cizon ta, kada a sa hannu a bakinta. Haukan kare yana kama jakuna da dawaki, kuma farkonsa yana iya kama da ciwon ciki.

Goɗiya mai naƙuda tana kwanciya ta tashi ta yi juyi, wannan yana taimaka wa ɗan ya daidaita. Amma daga fashewar faya zuwa fitowarsa minti 20 zuwa 30 ne, in an wuce ba ci gaba a nemi taimako. Birgima mai tsanani a kwanaki ko makonnin bayan haihuwa ba a jinkiri a kanta, domin a lokacin ne babban hanji ya fi samun filin murɗewa. Jaririn da ke yunƙuri yana kaɗa wutsiya a yininsa na farko, kashin farko ne ya tsaya masa. Wanda ya ɗan tasa yana kwanciya rigingine ya daɗe, yana cizon haƙora, a yi zargin gyambon tumbi.

Kwanciya da kaya a jiki

Wani alfadarin yakan nemi birgima da sirdi ko kaya a bayansa, galibi in an shiga yashi mai laushi ko ruwan kwari. Yana ba da sanarwa: ya rage tafiya, ya sunkuyar da kai, ya fara tono ko bugun ruwa. A wannan lokacin a ɗaga kansa da linzami a kora shi gaba, domin sai ya sauke kai yake iya durƙusawa. In gwiwa ta riga ta kai ƙasa, mahayi ya zare ƙafafu daga likkafa ya sauka ta gefen da ke sama ya matsa, sannan a tayar da shi kafin ya juya ya karya sirdi. A cikin karo abin ya fi haɗari, sandunan ja suna iya karyewa su soke shi, sai a danne kai a kwance maɗauran tukuna. Dabbar da ba ta saba ba ta fara yi, kafin a kira ta mai taurin kai a cire kayan a shafa bayan da tafin hannu a nemi zafi, kumburi ko ƙarangiya, a kuma ƙirga bugun zuciya.

Haka nan wadda ta saba birgima kowace yamma sai ta daina. Za ka ga ta je wurin, ta sansana, ta tona, ta lanƙwasa gwiwa kamar za ta sauka, sai ta fasa ta miƙe. Tana so, tsoron tashi take ji. A duba gwiwoyi da gaɓoɓin ƙafar baya, a danna gefen ƙashin baya da yatsu daga kafaɗa zuwa ƙugu a ga inda take noƙewa, a taɓa kofato a ji ko da zafi. Dabbar da ba ta kwanciya ba ta samun barci mai nauyi, wanda sai a kwance ake yin sa, kuma bayan wasu kwanaki za a fara ganin ƙujewa a gaban idon sawun ƙafafun gaba, inda take faɗuwa in gyangyaɗi ya kwashe ta a tsaye.